Daga Wakili Zuwa Lauya: Tarihin Wakilci a Shari'ar Rabuwar Aure a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A yau ba abin mamaki ba ne a ga mace ta shigo kotu neman rabuwa da mijinta tare da lauya a gefenta, ko kuwa a ga miji ya aiko da nasa lauyan alhali shi yana can kasuwa. Wanda ya tashi ya tarar da haka zai iya zaton daɗaɗɗen abu ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗaukar lauya domin shari'ar rabuwar aure yana da tarihi biyu mabambanta a ƙasar nan. A auren rajista, lauya ya zo ne tare da dokar kanta tun ƙarni na 19. A kotun alƙali kuwa, inda mafi yawan Hausawa ke kai ƙarar aurensu, doka ta tsare masa ƙofa kusan shekara 80, bai samu shiga ba sai a shekarun 1980. Za a bi sawun wannan tarihi, tare da duba abin da shigar tasa ta jawo wa masu ƙara, musamman mata, da kuma harshen da ake shari'ar da shi.

2.0 Wakilci kafin zuwan Turawa

Hausa tana da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa a wannan fage, wato "wakili" da "lauya". Ta farko Balarabiya ce, ta shigo tare da fiƙihu, kamar yadda "alƙali" da "shari'a" da "shaida" da "hujja" suka shigo. Ta biyu daga Ingilishi take, 'yar'uwar "kotu" da "joji" da "sammaci". Wani abin lura shi ne, baƙuwar kalmar ta tarar da aikatau na asali mai kama da ita, wato "lauya" a ma'anar tanƙwara abu ko karkata shi. Daga nan ne masu barkwanci suka samu abin faɗa cewa aikin lauya shi ne lauya magana. Babu dangantakar asali tsakanin kalmomin biyu, amma dacewar ta yi wa sana'ar tabon da har yau bai goge ba a bakin talakawa.

Shari'ar da alƙalan Daular Sakkwato suke bi ta mazhabar Malikiyya ce, littattafan da suka fi dogara da su kuwa su ne Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim. Waɗannan littattafai sun san wakilci a gaban alƙali, sun kuma yi masa ƙa'idoji. Mai ƙara ko wanda ake ƙara yana da ikon naɗa wakili guda ɗaya ko da abokin shari'arsa bai so ba. Idan kuwa ya riga ya zauna da abokin shari'ar har sau uku a gaban alƙali, to ba shi da ikon janyewa ya turo wani sai da uzuri, kamar ciwo ko tafiya. Hikimar wannan ƙa'ida a fili take: kada mutum ya ga alamar kaye sannan ya kawo mai kaifin baki a sake sabon lale.

Sai dai wakili irin wannan ba mai sana'a ba ne. Uba ne ko wa ko kawu, wanda ya san yadda aka ɗaura auren, ya san nawa aka biya sadaki, wataƙila ma shi ya karɓa. Aikinsa shi ne ya tsaya a madadin mai shari'a ya faɗi abin da ya faru. Sanin hukunci da nemo shi a littafi aikin alƙali ne da muhutansa. A wannan tsari alƙali ba ɗan kallo ba ne. Shi ke tantance wane ne mai da'awa wane ne wanda ake da'awa a kansa, shi ke tambayar shaidu, shi ke neman a tsarkake su, kuma kafin ya yanke hukunci wajibi ne ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Ke nan yawancin abin da lauya ke yi a kotun Turawa, an riga an ɗora wa alƙali shi a nan.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin a kansa sauran bayanin ya ginu. Miji ba ya bukatar kotu kafin ya yi saki. Furucinsa ko takardarsa sun isa. Mace ce ke bukatar alƙali, ko dai ta nemi hul'i ta fanshi kanta, ko ta nemi a raba auren saboda cutarwa ko rashin ci da sha ko ɓatan miji ko wata larura tasa. Saboda haka ƙarar rabuwar aure a ƙasar Hausa, a mafi yawan lokaci, ƙarar mace ce. Kafin a kai ga alƙali ma akwai matakai na gida: yaji da biko, zaman iyaye, shigar mai unguwa ko limami. Fiƙihu ya tanadi masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, bisa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, kuma a wajen Malikawa waɗannan biyun suna da ikon raba auren in suka ga gyara ya faskara, ko da ma'auratan ba su ba su wannan izini ba.

3.0 Zamanin Turawa: ƙofa biyu

Lauya ya fara bayyana ne a Ikko. Christopher Sapara Williams, wanda ake ɗauka shi ne lauyan farko ɗan ƙasa, ya zama lauya a Ingila a 1879, ya kuma yi rajistar aiki a Ikko a 1888. Tsakanin waɗannan shekaru biyu aka yi Dokar Aure ta 1884, wadda ta tsara auren mace ɗaya irin na Ingila, aka kuma sake ta a 1914 ta game ƙasa duka. Wanda ya yi irin wannan aure ba shi da hanyar warware shi sai ta babbar kotu, bisa dokar da ke aiki a Ingila a lokacin. Dokar Ingila kuwa tun daga 1857 ta ginu ne a kan laifi: sai mai ƙara ya tabbatar da cewa abokin zamansa ya yi zina, daga baya kuma, a 1937, aka ƙara gudun aure da azabtarwa da tabin hankali. Takardun ƙara da rantsuwa da ƙa'idojin shaida duk da Ingilishi ake yin su. Babu yadda za a yi mutum ya bi wannan hanya shi kaɗai. Ga Kiristan Ikko ko Kalaba ko Lakwaja da ya yi auren rajista, kuɗin lauya wani ɓangare ne na kuɗin rabuwa tun ran farko.

A Arewa abin ya sha bamban. Lugga ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna a ƙarƙashin shelar kotunan gargajiya ta 1900 da ta 1906, ya kuma hana lauyoyi bayyana a cikinsu. Bayan haɗewar 1914 ya shimfiɗa wannan hani har ga kotunan lardi, inda Razdan da Di'o ke zaman shari'a, abin da ya jawo masa suka mai zafi daga lauyoyi da jaridun Ikko. Hujjar gwamnati ita ce lauyoyi za su cinye dukiyar talakawa, su tsawaita shari'a, su kuma raunana kwarjinin sarakuna. Ba a rasa gaskiya a kashi na farko na wannan hujja ba, amma kashi na ƙarshe ne ya fi damun masu mulki. Gwamna Donald Cameron ya soke kotunan lardi a gyaran 1933, ya kafa babbar kotu da kotunan majistare inda lauya ke iya tsayawa, amma kotun alƙali ta zauna yadda take.

To yaya mata suka yi a wannan zamani? Da kansu suke zuwa, ko su zo da waliyyi. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna mace da ta yi aure huɗu, a cikin al'ummar da zuwa gaban alƙali kashe aure ba baƙon abu ba ne ga mata. Shari'ar ba ta da tsada, ba ta kuma daɗewa. Abin da aka fi jayayya a kai shi ne abin da za a mayar wa miji, da kuma wanda zai biya, wanda sau da yawa sabon manemi ne. Wannan sauƙi yana da nasa aibi. Alƙali ma'aikacin En'e ne, sarki ke naɗa shi, kuma macen da mijinta ke da uwa a gindin murhu ba ta da wanda zai tsaya mata ya ce an kauce wa littafi.

Ko da an buɗe ƙofar ma a lokacin, babu masu shiga. Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya shi ne Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori, a 1955. Makarantar da ke horar da alƙalai kuwa, wadda aka buɗe a Kano a 1934 ta kuma koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, fiƙihu take koyarwa da Larabci. Hanyoyin horon biyu ba su haɗu ba.

4.0 Daga 1956 zuwa 1979

Gyare-gyaren da aka yi gab da samun 'yancin kai sun taɓa kusan komai ban da wannan hani. Dokar kotunan gargajiya ta Jihar Arewa ta 1956 ta riƙe shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da aka kafa a 1960, wadda aka taƙaita ikonta ga aure da saki da gado da riƙon yara da makamantansu, ita ma dokarta ba ta yarda da lauya ba. Dokar soja ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta soke kotunan sarakuna, ta ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, amma ta sake nanata cewa lauya ba zai tsaya wa kowa a cikinsu ba. Abin da ta yarda da shi shi ne tsohon wakilci: miji ko mata ko waliyyi ko wani na gida.

A ɗaya ƙofar kuwa, sai aikin lauya ya ƙaru. Doka ta 18 ta 1970 a kan al'amuran aure, wadda aka tsara bisa koyi da dokar Ostareliya ta 1959 da ta Ingila ta 1969, ta mayar da dalilin rabuwa guda ɗaya tak, wato auren ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba. Amma ta ce ba za a yarda ya lalace ba sai an tabbatar da ɗaya daga abubuwa 8 da sashe na 15 ya lissafa, cikinsu akwai zina da ta sa zama ya gagara, da ƙaurace wa aure na shekara 1, da zaman rabe na shekara 2 in wanda ake ƙara bai ƙi ba, ko na shekara 3 ko ya ƙi ko bai ƙi ba. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai. Hukuncin farko na wucin gadi ne, ba ya tabbata sai bayan wata 3. Ƙa'idojin 1983 sun ɗora wa lauya wani nauyi na musamman: ya sa hannu a takardar shaida cewa ya tattauna batun sulhu da mai ƙara kafin ya shigar da ita. A nan doka da kanta ta mayar da lauya mai biko, ko da yake a aikace sau da yawa sa hannun kawai ake yi. Wannan doka ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba, sai dai ta shafi dubban mutanen Arewa, Hausawa Kiristoci da sauran al'ummu, waɗanda suka yi aurensu a coci mai lasisi ko a ofishin rajista.

5.0 Yadda ƙofar ta buɗe

Ba majalisa ce ta buɗe wa lauya kotun alƙali ba, kotuna ne, ta hanyar fassara Tsarin Mulkin 1979. Sashe na 33 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci, ya kuma ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa. A shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, a 1982, aka yanke cewa tanadin da ya hana lauya tsayawa a kotun yanki a shari'ar laifi ya saɓa wa wannan sashe. Saura shari'ar da ba ta laifi ba.

Ita kuma ta zo ne ta kan maganar aure. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara, reshen Kaduna, ta saurari shari'ar Karimatu Yakubu da Alhaji Yakubu Paiko, wadda ta taso daga Jihar Neja. An fi tunawa da ita saboda hukuncin da ta yi a kan ijbari, cewa uban da ya ba 'yarsa damar zaɓen miji ya sarayar da ikonsa na tilasta ta. Amma a cikinta ne kuma kotun ta tabbatar da cewa lauya yana da ikon tsayawa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Daga nan hanin ya mutu a aikace. Lokacin da jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da shari'a daga 1999, inda da yawansu suka mayar da kotunan yanki kotunan shari'a, lauya ya riga ya zama ɗan gida, kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya gaji sashe na 33.

Malamai da alƙalai da dama ba su yi maraba da wannan sauyi ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Makarantar Horar da Lauyoyi da ta fara aiki a Ikko a 1963 dokar Ingila da ta Nijeriya take koyarwa. Mutum na iya fita daga cikinta da cikakken ikon tsayawa a kowace kotu ba tare da ya taɓa buɗe Tuhfa ba. Irin wannan lauya yakan shigo da kayan aikin da ya sani: ƙorafin share fage a kan hurumin kotu, neman ɗage zama, tambayoyin ƙure ga shaidu. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri da Ilori sun rage wannan giɓi ta hanyar digirin da ya haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, amma ba duk mai tsayawa a kotun shari'a ne ya bi ta wannan hanya ba.

6.0 Riba da hasara

A ganin mai wannan maƙala, ba a iya auna amfanin lauya a nan sai an koma ga abin da aka faɗa tun farko, cewa ƙarar rabuwa ƙarar mace ce. Jinkiri ba ya cutar da ma'aurata daidai wa daida. Mijin da ake ƙara yana iya ƙara aure, yana gidansa, yana sana'arsa. Matar kuwa tana gidan iyayenta da igiyar aure a kanta, ba ta fara idda ba balle ta gama, ba matar aure sosai ba, ba bazawara ba. Duk ɗage zama na wata guda daga rayuwarta ake yankarsa. Tun da kuma a mafi yawan gidaje miji ne mai abin hannu, shi ya fi iya ɗaukar lauya, sai ya kasance kayan aikin da aka kawo domin kare mai rauni ya fi saurin faɗawa hannun mai ƙarfi.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma yana da nauyi. Mata da yawa sukan shiga kotu da kalma guda a bakinsu, wato "ba na son sa", sai a bi da su ta hanyar hul'i, su mayar da sadaki, wani lokaci ma miji ya kawo dogon lissafi na lefe da toshi da hidimar biki. Alhali in akwai duka ko yunwa ko zagi, fiƙihun Malikiyya ya ba mace damar a raba auren saboda cutarwa ba tare da ta biya ko kwabo ba. Har ma an sassauta mata shaida: ana karɓar shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da dangi. Fiye da haka, in ta riga ta biya kuɗin hul'i sannan ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta sa ta biya, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan. Haka batun riƙon yara yake: al'ada takan ba uba yaro da zarar an yaye shi, amma mazhaba ta bar namiji a hannun uwa har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare, muddin uwar ba ta auri bare ba, a nan ma riƙon yakan koma ga kakar yara ta wajen uwa kafin ya kai ga uba. Waɗannan hukunce-hukunce sun fi lauya daɗewa a ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Abin da lauya masani ya ƙara shi ne mutumin da aikinsa ne ya ambace su a fili, ya tabbatar an rubuta su, ya kuma ɗaukaka ƙara in an tsallake su. A wannan giɓi ne ƙungiyoyi irin su FIDA ta mata lauyoyi, da BAOBAB da aka kafa a 1996, da WRAPA da aka kafa a 1999, suka shiga da lauyoyin kyauta.

7.0 Matsalar harshe

Wannan ɓangare ya fi shafar masana harshe. A farkon zamanin Turawa da Larabci ake rubuta bayanan kotun alƙali, daga baya Hausar boko ta karɓe wurin a yawancin jihohin Arewa. Hujjojin fiƙihu suna nan da Larabci. In ƙara ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha zuwa ta tarayya, dole a fassara kundin zuwa Ingilishi. Ke nan shari'ar aure guda tana iya ratsa harsuna uku, kuma lauya ne kaɗai mutumin da yake tare da ita daga farko har ƙarshe.

A shari'ar saki kuwa kalma ita ce komai. Fiƙihu ya raba lafazin saki zuwa bayyananne, wanda ba ya bukatar a tambayi niyya, da kuma kinaya, wadda a wasu nau'o'inta sai an koma ga abin da mai furucin ya nufa. Malaman da suka tsara wannan rabo misalan Larabci suka bayar. Alƙalin Bichi ko na Gusau kuwa abin da ke gabansa shi ne "na sake ki", da "na sawwaƙe miki", da "tafi gidanku", da "je ki sai na neme ki", da "na tsinke igiyata". Na farko ba shi da gardama. "Tafi gidanku" kuwa yana iya zama saki, yana iya zama korar fushi da za a bi da biko gobe. Haka kuma adadi: Malikawa suna ƙirga saki uku a furuci ɗaya a matsayin uku, saboda haka bambancin "na sake ki" da aka maimaita don jaddadawa da wanda aka maimaita don ƙari shi ne bambancin auren da ake iya komawa da wanda ba a iyawa sai ta auri wani. Idan mai fassarar kundi ya mayar da "na sawwaƙe miki" da "tafi gidanku" duk zuwa kalmar Ingilishi guda, to alƙalan sama za su yi hukunci ne a kan abin da mijin bai faɗa ba, kuma lauyan da bai ji Hausa sosai ba ba zai ma san akwai abin da zai yi ƙorafi a kansa ba.